Ku Tambaya Mu Amsa: Yadda Fure Ke Jawo Kastomominsa

Assalamu alaikum masu karatu. A fitowar da ta gabata wani matashi ya tambaye ni wane kwas zai shiga don ya iya talla, na ce masa kafin ya biya kuɗin kwas ya samu bishiya mai fure ya zauna gabanta ko da rabin awa ne ya kalli masu zuwa da masu wucewa. To wannan 'yar maganar ta jawo saƙonni da yawa, wasu na neman ƙarin bayani, wasu kuma matsalarsu suka kawo kai tsaye. Kuma da gaske nake wallahi. Tsiro ba ya tafiya, ba ya magana, inda ya tsiro nan zai mutu, amma sau da yawa dole sai ya jawo wani ya zo ya kwashi garin furensa ya kai wa wani furen, in ba haka ba babu 'ya'ya babu iri, kun ga ke nan damuwarsa irin tamu ce sak. Ga saƙonnin da na zaɓo.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni jakunkunan mata nake sayarwa ta waya, kusan shekara ɗaya ke nan. Ina cikin guruf sun fi talatin a WhatsApp da Facebook kuma kullum sai na tura hotuna a dukkansu safe da yamma, ga sitatus kuma, amma wallahi sai a yi sati ba wanda ya ce min ko nawa ne. Wasu ma har cire ni suke daga guruf. Kayana masu kyau ne, me nake yi ba daidai ba? Daga wata 'yar'uwa mai sayar da jaka.

AMSA: Sannu 'yar'uwa, ƙoƙari kam kina yi, ba a nan matsalar take ba. Tambayar da zan miki ita ce, wa kike kira? In kika ce "duk mai son jaka" to nan ne gizo ke saƙar, domin Hausawa sun ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma talla ma haka yake.

Ki duba furanni ki gani. Idon ƙudan zuma bai cika gane jan launi ba, shuɗi da rawaya da ruwan hoda mai duhu su ne ke fizgarsa, shi ya sa furannin da suka dogara da shi yawanci waɗannan kalolin suke ɗauka, ga ƙamshi mai sanyi ga kuma ɗan faffaɗan wurin da zai sauka. Su kuwa ƙananan tsuntsayen nan masu dogon baki da ke shan ruwan fure, ja da ruwan lemo suke hangowa tun daga nesa, sai ki ga furensu jajir, dogo kamar bututu, kuma sau da yawa ba wani ƙamshi, don tsuntsu da ido yake nema. Furen kuka kuma fari ne tas, yana reto ƙasa, sai magariba ta yi yake buɗewa ya saki wani wari mai ƙarfi wanda mu bai mana daɗi, amma jemage da shi yake gane hanya cikin duhu, kafin wata magaribar furen ya yi yaushi aikinsa ya ƙare. Akwai ma furannin da warin mushe suke yi kai tsaye saboda ƙudaje suke nema. Kowanne ya zaɓi nasa, ya yarda ya rasa sauran.

Mafi ban mamaki a wajena shi ne wani fure a tsibirin Madagaska. A 1862 aka aika wa Charles Darwin shi a Ingila, ya ga ruwan zaƙinsa na can ƙarshen wani siririn bututu mai tsawon kusan santimita 30, sai ya ce lallai akwai wani ƙwaro a tsibirin mai harshe mai wannan tsawon, ko da yake ba wanda ya taɓa ganinsa. Sai a 1903, bayan mutuwar Darwin da shekara 21, aka bayyana wani irin malam-buɗe-littafi na dare mai wannan dogon harshen. Furen nan ya rufe ƙofa ga dubban ƙwari ya bar wa ɗaya, kuma ribarsa a fili take, wanda ya sha a wajensa zai tashi ne ya nufi wani fure irinsa, garin furen ba zai ɓata a hanya ba.

Ke yanzu abin da kike yi shi ne irin na ciyawa da masara, waɗanda ke watsa garin furensu cikin iska, miliyoyi, ko Allah zai sa ɗaya ya dace. Hanya ce ita ma kuma tana aiki, amma sai mai ɗimbin yawa, wato manyan kamfanoni masu kuɗin cika rediyo da talabijin da allunan titi. Mai ƙaramin jari ba ta da wannan ƙarfin, data ɗinki da lokacinki da mutuncinki kike watsawa a iska, har ana cire ki daga guruf. Ki zauna ki rubuta sunayen mutum goma na ƙarshe da suka saya a hannunki, su waye, ɗalibai ne ko ma'aikata ko masu jego, wace jaka suka ɗauka, me suka tambaya kafin su biya. Zan yi mamaki in ba ki ga sun yi kama da juna ba. In ma'aikata ne masu neman jakar da za ta ci kwamfuta da takardu, to hotonki ya nuna kwamfutar a ciki, zif a zuge, jakar a kafaɗar mutum, kuma ki tura a wuri uku da suke taruwa a lokacin da suke duba waya, ki ƙyale sauran ashirin da bakwai ɗin.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne na fi gani a wajen masu sayarwa ta waya. In kika tsaya dab da fure kika lura, ƙudan zuma in ya sauka ba ya dube-dube, kai tsaye yake cusa kansa tsakiya, ya fito da ƙafafunsa na baya ɗauke da dunƙulen gari rawaya, ya tashi. Dalili shi ne furanni da yawa suna da layuka ko ɗigo-ɗigo da ke nuna inda ruwan zaƙin yake, wani Bajamushe Christian Konrad Sprengel ya yi bayaninsu tun 1793, daga baya kuma aka gano wasu layukan ma da wani haske ake ganinsu wanda idonmu bai kamawa, ultrabayolet, amma ƙudan zuma na ganinsa rangaɗau. Fure ya kira, sannan ya nuna ƙofa. Mu kuwa sai mu saka hoto ba farashi, ba girma, ba yadda za a yi oda, sai "ku min magana ta inbos". Mutum na cikin sauri, ga kunyar tambaya ya ji kuɗin ya fi ƙarfinsa, sai ya zarce kawai. Ki rubuta komai a jikin hoton: ga kuɗin, ga kalolin da ke akwai, ga lamba, ga kwanakin da kaya ke isa.

TAMBAYA: Salam Malam. Takalma nake sayarwa. Wani abokina ya koya min in riƙa rubuta "saura guda biyu kacal" ko "rangwame zai ƙare yau da daddare" ko da kuwa kaya na nan jibge kuma ba wani rangwame. Gaskiya na gwada kuma ciniki ya motsa. Shi cewa yake ai dabara ce, ko dabbobi ma suna yaudara don su ci abinci. Zuciyata dai ba ta kwanta ba. Me za ka ce? Daga ƙaninka.

AMSA: Ƙanena, zuciyarka ta riga ni ba ka amsa. Ƙarya ce, kuma kuɗin da aka karɓa da ita ba abin alfahari ba ne. Amma tunda abokinka ya kafa hujja da dabbobi bari mu bi shi can ɗin mu ga yadda mayaudaran ke ƙarewa.

A hamadar Kalahari akwai wani baƙin tsuntsu mai wutsiya a tsage da ake kira dirongo. Yana zama kan reshe kusa da wasu ƙananan dabbobi masu kama da tunku, in ya hango shaho sai ya yi kukan gargaɗi su ruga rami, to sun saba da gaskiyarsa. Amma in ya ga ɗayansu ya tono wani abu mai maiƙo sai ya yi kukan nan alhali ba shaho ba komai, su watsar da abincin su gudu, shi kuma ya sauko ya ɗauke. Wani mai bincike Tom Flower ya bi su shekaru, a rahotonsa na 2014 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abincin tsuntsun ta wannan hanyar yake samunsa. Sai dai ga inda maganar take: in ya maimaita kukan ƙarya iri ɗaya sau biyu sau uku, sai su daina kula shi, dole ya canza ya kwaikwayi kukan wani tsuntsun. Kuma ƙaryar ba ta ci sai don yawancin gargaɗin da ake ji a dajin na gaskiya ne. Kai ma haka, "saura guda biyu" ɗinka na aiki ne da jarin amanar da masu gaskiya suka tara, kuma duk ranar da wanda ya saya jiya cikin gaggawa ya ga ka sake rubuta saura biyu da takalmin nan dai, ka ƙone a wajensa, kuma kai ba ka da wani kukan da za ka canza, sunanka ɗaya lambarka ɗaya.

A cikin furanni ma akwai 'yan damfara. Dangin furen nan da ake kira okid, kusan kashi ɗaya cikin uku na nau'o'insu ba su da ruwan zaƙi ko ɗigo, kyau kawai da ƙamshi. Ƙudan zuma sabon fita ne ke faɗawa, bayan ya leƙa biyu uku ya ga wayam sai ya gane ya daina, shi ya sa masu bincike suka ga irin waɗannan ba su cika yin 'ya'ya kamar masu ba da zaƙi ba. Rayuwarsu ta dogara ne kan samun baƙon da bai sani ba. Ka tambayi kanka ko sabbin mutane nawa za ka riƙa samu kullum da za ka iya zubar da tsofaffi.

Wanda nake so ka yi koyi da shi wani ɗan kifi ne a teku, bai wuce tsawon yatsa ba, mai baƙin layi a gefe. Sana'arsa wanki. Yana da wurinsa ɗaya da aka san shi, manyan kifaye su zo su yi layi, su buɗe baki ya shiga ya tsince musu ƙwari da mataccen fata, har cikin bakin waɗanda za su iya haɗiye shi. Shi ma yana da abin da ke jan ransa, ya fi son yauƙin da ke jikin kifin a kan ƙwarin, kuma in ya ciza kastoma sai ya zabura. Redouan Bshary, wanda ya daɗe yana nazarinsu a Bahar Maliya da Ostireliya, ya gano cewa kifayen da ke layi suna kallon yadda ake yi wa na gaba, in sun ga ya zabura sai su tafi wajen wani mai wankin, shi kuma ɗan kifin in ana kallonsa ya fi kiyayewa. In ya yi kuskure ya ciza, har shafa bayan kastoman yake da fiffikensa don lallashi. A kasuwar waya kuwa kullum ana kallonka, sikirinshot ɗaya ya isa ya zagaye inda tallanka bai taɓa kaiwa ba.

To me za ka yi a madadin ƙaryar, tunda kana son ciniki ya motsa? Ka nemi alamar da maƙaryaci ba zai iya ɗauka ba. Barewa in ta hango karnukan daji wani lokaci maimakon ta zura da gudu sai ta riƙa tsalle sama ƙafafu a miƙe, tana ɓata lokaci da ƙarfi a gabansu, kuma an lura a Serengeti karnukan sun fi bin wadda tsallenta ya yi rauni. Mai ciwo ba za ta iya wannan tsallen ba, shi ya sa ake yarda da shi. Wani masani ɗan Isra'ila Amotz Zahavi shi ya fito da wannan tunanin a 1975, cewa alama kan zama abin yarda in tana da tsada ga mai ƙarya. Tsallenka kai shi ne garanti. Ka rubuta cewa in takalmi ya ɓare cikin wata ɗaya a dawo da shi ka canza, ka ɗauki bidiyo kana lanƙwasa tafinsa da hannu, ka faɗi aibin da ke jikin kaya kafin a gani. Mai jabun kaya ba zai taɓa iya wannan alkawarin ba don zai karye. In kuma da gaske saura biyu, to faɗi, a ranar za a yarda da kai.

TAMBAYA: Malam ni ɗinki nake, kuma masu irin sana'ata sun yi yawa a intanet, kowa na ihu da manyan baƙaƙe da kiɗa da bidiyo. Shin in ƙara yawan fostin ne ko in fara biyan kuɗin talla don muryata ta fi tasu? Daga wata mai ɗinki.

AMSA: Hajiya kafin ki kashe kuɗi ki ji yadda tsuntsayen birni suka yi da hayaniyar motoci. A 2003 Hans Slabbekoorn ya auna kukan wasu ƙananan tsuntsaye a birnin Leiden na ƙasar Holan, ya ga waɗanda ke kusa da manyan tituna sun siranta muryarsu ta yi sama, saboda rugugin mota a ƙasa yake, sai suka koma inda ba cunkoso. A Sheffield ta Ingila kuma a 2007 aka gano wasu tsuntsayen a unguwanni masu hayaniyar rana sun koma rera kukansu da dare. Sannan a 2020 lokacin kullen korona da motoci suka ragu a San Francisco ta Amurka, tsuntsaye sun sassauta murya amma ana jinsu daga nisan da ya ninka na da. Ba gasar ƙara da mota ce ta fisshe su ba, gurbi ne, ko na murya ko na lokaci.

Ƙara yawan fostin iri ɗaya kuwa mutum-mutumin gona ne, ranar farko tsuntsaye su tsorata, bayan sati ki gan su zaune a kansa. Idon mutum ma haka yake sabawa. Tallan allo na farko-farko a intanet, wanda kamfanin AT&T ya saka a 1994, an ruwaito kashi 44 cikin 100 na waɗanda suka gan shi sun latsa, yau irinsa ko kashi 1 cikin 100 da ƙyar yake samu.

Ni a ganina gurbinki na hannunki. Kin san tsuntsun nan rawaya mai saƙa sheƙa tana reto a reshe? Namijin in ya gama saƙa sai ya maƙale a ƙasanta kai a ƙasa yana kaɗa fiffike, macen ta zo ta shiga ciki ta riƙa jan zaren da baki tana gwada ƙarfinsa, in bai mata ba ta tafi, kuma in sheƙar ta daɗe ta bushe ba wadda ta karɓa shi da kansa yake wargaza ta ya saƙa sabuwa ɗanya shar. Kowa na nuna riga a jikin mai kyau da fitila da kiɗa, ke ki juya rigar ciki waje, ki kawo kyamara dab da ɗinkin, a ga yadda kika kashe bakin zare, a ga kin ja haɗin hannu da ƙarfi bai buɗe ba, ba kiɗa sai ƙarar keke. Wadda tela ya taɓa ɓata wa yadi mai tsada ita za ta tsaya ta kalla har ƙarshe, kuma ita kike nema. Tsofaffin hotunan da suka shekara kina maimaitawa ki sauke su. In kin ga wane bidiyo ne ya jawo tambayoyi da kansa, shi za ki saka wa kuɗin talla, kaɗan-kaɗan.

TAMBAYA: Ina so in sa wa sabuluna kwali da kala da rubutu irin na wani babban kamfani da aka sani, sunan kawai zan ɗan canza. Ai hakan zai sa a ɗauka da sauri ko? Daga wani mai haɗa sabulu.

AMSA: A'a ɗan'uwa, kar ka yi. Akwai ƙudaje marasa harbi da ke sanye da baƙi da rawaya irin na rina don tsuntsaye su ji tsoronsu, Henry Walter Bates ne ya fara bayanin irin wannan kwaikwayon a 1862 bayan ya yi shekara 11 a dajin Amazon. Amma wannan dabarar ta ɓuya ce, ta a ƙyale ka, kai kuwa so kake a san ka a neme ka. In sabulunka ya yi kyau kamfanin za a yaba wa, in mai saye ya gane a gida zai ji an cuce shi, ga kuma shari'ar satar tambari da za ta iya cinye jarin gaba ɗaya. Zanen aro ba ya rufe katara. Ka zaɓi kalarka, ko ɗaya ce, ka riƙe ta.

TAMBAYA: Malam, ni dattijo ne, na fi shekara ashirin ina gyaran kayan lantarki. Na karanta maganarka ta bishiya, sai dai ni a ganina mutum ba ƙwaro ba ne da za a ja shi da kala da ƙamshi. Damuwata daban ce, sababbin mutane na zuwa, amma da yawa daga zuwa ɗaya ba na sake ganinsu, kuma na san aikina ba ya dawowa. Daga mai gyaran lantarki.

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, gaskiyarku ne, mutum yana da hankali da daraja da haƙƙi a kanmu, kuma a daji akwai tarkuna da yawa da bai halatta a ɗana wa ɗan'adam ba, kamar tsiron nan mai kama da tulu da ke jawo ƙwaro da zaƙi ya zame ciki ya narke. Abin da nake ɗauka daga can shi ne inda ɓangare biyu ke amfana, kuma tambayarku ta faɗo daidai nan.

Tunda aikinku ba ya dawowa, ina kyautata zaton mantuwa ce ke raba ku da su. Wanda aka gyara wa firji yau ba zai sake buƙata ba sai bayan shekara ko biyu, kafin nan lamba ta ɓace, suna ya shige. Fure ma na fama da wannan. A 2013 Geraldine Wright ta Jami'ar Newcastle a Ingila ta nuna cewa ruwan furen kofi da na dangin lemo na ɗauke da sinadarin kafeyin ɗan kaɗan, kuma ƙudan zuman da suka sha shi, waɗanda suka tuna ƙamshin furen bayan awa 24 sun ninka sauran sau uku. In ya yi yawa kuma ɗaci yake ya kore su, ɗan mitsitsi ne ke aiki. Naku kafeyin ɗin bai wuce 'yar sitika mai suna da lamba a bayan kayan da kuka gyara ba, da kira ɗaya bayan kwana uku, "ya injin, lafiya yake aiki?", da ɗan bayanin abin da ya lalace da yadda za a kiyaye. Saƙon talla kullum safiya shi ne ɗacin.

Sannan ku tuna wanda bai dawo ba yana iya turo wani. Ƙudan zuma in ya samu wuri mai albarka yakan koma amya ya yi wata rawa a jikin saƙar, yana kaɗa jiki yana tafiya a miƙe sannan ya zagayo ya sake, inda ya fuskanta na nuna ɓangaren da furen yake in an auna da rana, daɗewar kaɗawar na nuna nisa. Karl von Frisch ne ya warware wannan, ya samu kyautar Nobel a 1973. Thomas Seeley na Jami'ar Cornell kuma ya nuna cewa gwargwadon zaƙin wurin gwargwadon yawan zagayen rawar, wuri mara kirki ba a ma yi masa rawa. Kuma mai rawar da ƙamshin furen yake dawowa a jikinsa, har ɗanɗano yake ba masu kallo. To ku ba wa kastoma abin da zai kai gida ya nuna, tsohon abin da kuka cire a saka masa a leda, kati biyu maimakon ɗaya, hoton kafin gyara da bayan gyara a tura masa ta waya. Kuma ku fara tambayar duk sabon zuwa wa ya turo shi, ku rubuta a littafi, cikin wata uku za ku san su wa ke muku rawa, ku kira su ku gode musu.

Na ƙarshe shi ne kar alamarku ta riƙa canzawa. A yankin Niassa na ƙasar Mozambik mutanen Yao masu neman zuma suna da wani kira guda da suke yi wa tsuntsun nan mai nuna amya, su fasa su ɗebi zuma shi kuma ya ci kakin. Claire Spottiswoode ta gwada a 2016, in aka yi wannan kiran da tsuntsun ya sani yiwuwar ya yi jagora na tashi daga kashi 33 zuwa 66 cikin 100 in an kwatanta da wasu sautukan. Kira ɗaya ne iyaye da kakanni suka riƙe, kuma sau da yawa in aka yi shi akwai rabo a ƙarshe. In kun taɓa canza layin waya ko kun tashi daga inda aka san ku ko allon ya goge, a nan wasu suka ɓace, suna can suna neman ku. Ku ɗauko tsohon littafin aiki Baba, ku zaɓi mutum ashirin daga na bara, ku aika wa kowanne gaisuwa da sunansa da abin da kuka gyara masa, ku ce ga lambar da ake samunku yanzu. Ina so ku rubuto mana nan da wata biyu mu ji mutum nawa suka amsa.